Akwatin da aka ɓoye a gefen tsohon layin dogo: wasan da ya tsaya a kan ƙasar aro

A yammacin ƙauyen Rocheport, a jihar Misuri ta Amurka, akwai wani kogo da aka huda cikin dutse a 1893 domin jirgin ƙasa ya ratsa. Tsawonsa kamar mita 74 ne. Jirgi ya daina bi ta nan tun 1986, an kwashe ƙarafan dogo, an shimfiɗa niƙaƙƙen farin dutse a gurbinsu. Yau masu keke ne ke wucewa, da masu tattaki, da iyaye masu tura jarirai. Sunan hanyar shi ne Katy, tsawonta mil 240, wato kusan kilomita 386, daga garin Clinton zuwa Machens, kuma yawancinta tana bin gaɓar kogin Misuri ne.

A irin wannan hanya sai ka ga mutum ya sauka daga keke ba tare da wani dalili na zahiri ba. Ya zura wa waya ido, ya yi taku goma gaba, ya dawo baya biyar, ya durƙusa ya shafa ƙarƙashin benci. In wani ya taho sai ya miƙe ya yi kamar igiyar takalmi yake ɗaurewa. Can sai ka ga ya zaro wani ɗan gwangwani mai maganaɗisu, ya warware 'yar takardar da ke ciki, ya rubuta suna da kwanan wata, ya mayar da shi daidai inda ya same shi, ya hau kekensa. Abin da yake yi shi ne wasan da ake kira jiyokashin, farautar ɓoyayyen akwati. Wani ne ya ɓoye, ya sa lambobin da ke nuna wurin a shafin intanet, duk mai so ya je ya nema.

Da ganin farko wasan ɓuya ne na yara wanda manya suka ƙwace. Amma in ka tsaya ka duba inda akwatin yake zaune, za ka tarar da wata tambaya da ta kai har gaban Kotun Ƙolin Amurka: ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta wa ce?

Shi wasan ana iya faɗin ranar haihuwarsa. Kafin shekarar 2000, sojojin Amurka, waɗanda su ke da taurarin ɗan adam na GPS, suna gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, har na'ura takan yi kuskuren da ya kai mita 100. A ranar 1 ga Mayu, 2000, Shugaba Bill Clinton ya sanar da janye wannan gurɓatawa, cikin dare aka kashe ta. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya kai baƙin bokiti dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da 'yan kuɗi da gwangwanin wake, ya haɗa da littafin sa hannu, ya wallafa lambobin wurin. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ka ɗauki abu, ka bar wani. Cikin kwanaki kaɗan aka gano bokitin. A watan Satumba na wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da akwatuna 75. Yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Da wasan ya girma sai dokoki suka biyo baya. Ba a haƙa rami a binne akwati. Ba a sa abinci a ciki, saboda dabbobi, ba a sa wuƙa ko wani abu mai haɗari. Dole a sami izinin mai wurin. Kafin a wallafa sabon akwati sai wani ɗan sa kai ya duba bayanansa. Sannan tsakanin akwati da akwati ba za a gaza kashi ɗaya cikin goma na mil ba, wato mita 161. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Me ya sa tsohon layin dogo ya zama gidan wannan wasa? Amsar tana ga yanayin jirgin ƙasa kansa. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta iya hawan tudu mai tsini, shi ya sa injiniyoyi suka sare duwatsu, suka cike kwaruruka, suka kafa gadoji, domin hanya ta kwanta. Hawan da ke cikinta da wuya ya wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari. Abin da aka yi domin tarago sai ga shi ya amfani tsohuwa mai ciwon gwiwa, da yaro ɗan shekara shida, da mai keken guragu. A ma'aunin wasan ana ba kowane akwati maki daga 1 zuwa 5 na wahalar wurin, kuma maki 1 yana nufin mai keken guragu zai iya kaiwa. Irin waɗannan wurare ba su da yawa a daji, amma a tsohon layin dogo suna nan birjik. Ga shi babu mota. Ga maɓoya iri-iri da jirgi ya bari: turakun ƙidayar mil, bakin kwalbati, harsashin tankin ruwa, tsohuwar tasha.

To, yanzu mu zo kan ƙasar.

A 1916 layin dogon Amurka ya kai ƙololuwarsa, mil 254,000. Daga nan mota da babbar hanya da jirgin sama suka fara cinye kasuwarsa. Dokar Staggers ta 1980 ta sassauta wa kamfanonin jirgi, suka shiga yar da layukan da ba su kawo riba. Yanzu abin da ya rage yana wajen mil 140,000. Tun kafin haka wasu sun hango amfanin filin da ake bari. A 1963 wata mai nazarin tsirrai, May Theilgaard Watts, ta rubuta wasiƙa ga jaridar Chicago Tribune tana kira a mayar da wani yasasshen layi hanyar tafiya da ƙafa, kuma daga wannan wasiƙa aka sami hanyar da ake kira Illinois Prairie Path. A jihar Wisconsin aka buɗe hanyar Elroy zuwa Sparta a 1967.

Matsalar ita ce kamfanin jirgi ba ko'ina ya mallaki ƙasar da ya shimfiɗa dogo a kai ba. Wani wurin ya saya ne ɗungurungum. Wani wurin gwamnati ce ta ba shi. Amma a wurare da yawa abin da ya samu haƙƙin wucewa ne kawai. Duk wanda ya san aron gona ya san wannan: an ba ka ka noma, ba a ba ka ka mallaka ba, ranar da ka daina nomawa gona ta koma ga mai ita ko magadansa. Haka doka take a can. Da zarar an tabbatar cewa jirgi ya yar da layi, haƙƙin wucewa ya mutu, ƙasa ta koma ga masu gonakin da ke gefe. Layi mai mil ɗari sai ya kakkarye zuwa ɗaruruwan gutsattsari, kuma abin da aka ɗauki shekaru ana haɗawa ba zai sake haɗuwa ba.

Majalisar Dokokin Amurka ta yi wata dabara a 1983, ta hanyar gyara dokar hanyoyin ƙasa ta 1968. Ta ce kamfani yana iya miƙa layinsa ga jiha ko ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya su mayar da shi hanyar tafiya, a kan sharaɗin cewa a idon doka ba a yar da layin ba, ajiye shi aka yi har ranar da jirgi zai sake buƙata. Tunda ba a yar ba, ƙasa ba ta koma ga kowa ba. Wannan ajiya ita ce ginshiƙin hanyar Katy. A watan Oktoba na 1986 ambaliya ta lalata layin kamfanin Missouri-Kansas-Texas, wanda ake yi wa laƙabi da Katy, kamfanin ya ga gyara ba zai biya ba. Jihar Misuri ta karɓi layin a ƙarƙashin dokar ajiya, wani attajiri mai suna Ted Jones da matarsa Pat suka ba da dala miliyan 2.2 domin saye da gini. An buɗe sashen farko a Rocheport a 1990. Ambaliyar 1993 ta sake ɓarna mai yawa, aka gyara, sai a 2011 hanyar ta kai Machens.

Manoman da ke gefe ba su yi shiru ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mutum ya gaji gona, kakansa ya yarda jirgi ya ratsa, jirgi ya tafi, yana jiran a dawo masa da filinsa, sai aka ce masa a'a, yanzu baƙi ne za su riƙa wucewa ta bayan gidansa daga safe zuwa yamma. Suka kai ƙara. A 1990, a shari'ar Preseault da ta taso daga jihar Vermont, Kotun Ƙoli ta ce dokar ajiya ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, amma ta bar ƙofar neman diyya a buɗe. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lallai an karɓe wa iyalan Preseault dukiya, sai a biya su. Tun daga lokacin gwamnatin tarayya take biyan masu filaye diyya a irin waɗannan shari'o'i, har da na Misuri. A 2014 kuma, a shari'ar Brandt daga Wyoming, alƙalai 8 cikin 9 suka ce filin da aka ba kamfanonin jirgi a ƙarƙashin dokar 1875 haƙƙin wucewa ne kawai, in an yar da layin ba tare da ajiya ba ya koma ga mai ƙasar da ke ƙarƙashi. Duk da wannan ja-in-ja, ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy da aka kafa a 1986 tana lissafa sama da mil 25,000 na irin waɗannan hanyoyi a ƙasar.

Mai karatu zai ce ina ruwan ɗan gwangwani da Kotun Ƙoli? Ruwansa yana ga faɗin hanyar. A wurare da dama filin layin dogo ƙafa 100 ne, kamar mita 30, wato mita 15 dama, mita 15 hagu daga tsakiya. Abin da ke bayan haka gonar mutum ce. Hanyar Katy a takarda wurin shaƙatawa ne na jiha, amma siffarta ta burtali ce: siririn zare mai tsawo da ya ratsa tsakanin gonaki. Wanda ya taɓa ganin abin da ke faruwa in dabba ta kauce daga burtali ta faɗa shuka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ita kuwa na'ura ba ta san shinge ba. Wayar hannu tana auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga taurari aƙalla huɗu da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, daga nan ta lissafa inda kake. A fili fetal kuskurenta yakan tsaya wajen mita 5. A ƙarƙashin itatuwa masu duhu, ko a gindin dogayen duwatsun da suka yi wa Katy katanga a gefen kogi, saƙon yakan bugi dutse ya dawo, kuskure ya ƙaru. Kuma kuskuren biyu ne: na wanda ya ɓoye ranar da ya ɗauki lambobi, da na wanda ya zo nema. In sun haɗu ta gefe ɗaya, kibiyar da ke kan waya za ta nuna maka tsallaken waya mai ƙaya, alhali akwatin yana nan gindin bishiyar da ka jingina kekenka.

Ka ɗauka kai ne. Rana ta take, waya ta ce saura mita 8, ta nuna dama. Ka sauka daga kan farin dutsen, ka kutsa ciyawa mai kai gwiwa, wadda a Misuri ba ta rasa kaska da ganye mai sa ƙaiƙayi. Mita 8 ta koma 3, sai ta yi tsalle ta koma 11. Ga shinge, ga gonar masara ko waken suya a bayansa, ga wani kututture mai rami can ciki da ya yi kama da maɓoya. Zuciya ta ce taku biyar ne kawai, wa zai gani? Kai kaɗai ba za ka ɓata komai ba. Amma akwatin da ya shahara mutane da yawa ke zuwa masa, kowa da irin wannan tunani, kuma kafin damina ta fita an tattake 'yar hanya daga bakin titi zuwa shingen, wayar shingen ta saki inda ake ɗaga ta. Manomin da dama bai so hanyar ba ya sami hujja a hannu. Ba sunan wasan zai kai wa hukuma ba, sunan hanyar zai kai. Wannan ne ya sa nake ganin nauyin ya fi hawa kan mai ɓoyewa fiye da mai nema. Shi ne ya zaɓi wurin. Shi ke da ikon sa akwati ta gefen da babu gona, ya rubuta a bayaninsa cewa ba sai an tsallake shinge ba, ya ba da alamar da za ta rage lalube. Hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar Misuri tana buƙatar a nemi izini kafin a ajiye akwati a filayenta, kuma wasu na ganin wannan takura ce. Ni ina ganin gata ce, domin ma'aikacin da ya san inda iyakar take zai hana ka kuskuren da taswirar waya ba za ta nuna maka ba.

A kan hanyar kanta ma akwai zaman haƙuri. Mai keke yana son gudu ba tsayawa. Mai farautar akwati kuwa tsayawa ce sana'arsa, kuma sau da yawa tsayawar ba-zata ce, ido na kan waya, keke a gicciye. A sassan Katy da aka yarda a hau doki, kamar tsakanin Clinton da Sedalia, mutumin da ya ɓullo daga cikin ciyawa kwatsam yana iya firgita doki ya kayar da mahayi. Ƙa'idar da aka saba da ita a irin waɗannan hanyoyi ita ce mai keke ya ba mai ƙafa hanya, su biyun su ba doki. Sai batun dare. Akwai masu gasar zama na farko da ya gano sabon akwati, in sanarwa ta shigo wayarsu ƙarfe goma na dare sai su ɗauki tocila. Katy kuwa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ake buɗe ta. Hasken tocila yana yawo a bayan gidan gona da tsakar dare ba abin da zai haifar sai tsoro da kiran 'yan sanda. Tsoron kuma ba na wasa ba ne: a 2011, a garin Wetherby na Ingila, an rufe tsakiyar gari, sojoji masu kwance bam suka tarwatsa wani akwatin wasan nan da aka ga wani yana ɓoyewa.

Mu koma kan mita 161. An sa wannan tazara ne domin hana cunkoso, amma wasu suka ɗauke ta a matsayin gayyata. In ka raba mil 240 da kashi ɗaya cikin goma na mil, lissafi zai ba ka gurbin akwati 2,400 a kan Katy kaɗai. A wasu hanyoyin ana yin kusan haka, a jera 'yan gwangwanaye iri ɗaya ɗaruruwa, kowanne a gindin turke, domin mutum ya tara adadi mai yawa a yini guda. A hamadar Nevada akwai jerin da ya haura dubu. Ana cewa yawan mai ba ya ɓata miya, amma a nan yana ɓatawa. Mutum ɗaya ba zai iya kula da akwati ɗari biyu ba. Murfi ya tsage, ruwa ya shiga, takardar sa hannu ta zama kunu, mai shi ya ƙaura ko ya gaji, abin da ya rage robar banza ce a gefen hanya. A kwarin da kogi ke cika ya batse kamar na Misuri, ambaliya tana kwashe su ta kai inda ba wanda zai ɗauko. Kuma jerin yakan cinye gurbi: wanda ya zo da niyyar ajiye akwati ɗaya mai kyau a wurin da ke da tarihi sai ya tarar an riga an kafa gwangwani mita 90 daga nan, doka ta hana shi.

Ba don in kushe wasan na faɗi duk wannan ba, don ina ƙaunarsa ne. Akwati ɗaya da aka sa da tunani yana yin abin da allon bayani ba ya yi. Allo ana wuce shi a guje. Akwati kuwa sai ka sauka, ka taɓa dutsen da magina suka sassaƙa da hannu, ka karanta a wayarka cewa ta wannan kogin ne ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka haura a 1804. Yaron da zai yi kukan gajiya bayan mil ɗaya zai yi mil biyar in ka ce masa akwai wani akwatin a gaba, wataƙila da 'yar motar roba a ciki da zai musanya da tasa. Ƙananan garuruwan da jirgi ya gina sannan ya tafi ya bar su suna samun wanda zai tsaya ya sayi ruwa da abinci. Tun 2002 masu wasan ke shirya gangamin kwashe shara a wuraren da suke farauta, kuma wannan ne irin aikin da ke sa mai kula da hanya ya buɗe musu ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne amanar da ke ciki. A jihar Kansas akwai akwatin da ake kira Mingo, wanda aka ajiye ranar 11 ga Mayu, 2000, kuma har yanzu ana zuwa ana sa hannu. An sha canza mazubin, amma wurin yana nan, baƙin da ba su san juna ba suna buɗewa suna rufewa.

Akwai abin da yawancin masu hawa keke a Katy ba su cika tunawa ba: kalmar ajiya ba ado ba ce. Doka ta ba jirgi damar dawowa, kuma a wasu 'yan wurare a Amurka ya dawo. Shi ya sa aka yi dambarwa a kan tsohuwar gadar layin Katy da ke Boonville, wadda a da ake ɗaga tsakiyarta domin jiragen ruwa su wuce. Kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya so ya kwance ta ya yi amfani da ƙarafanta a wani wuri. Masu kare hanyar suka ji tsoron in gadar ta tafi za a iya cewa layin ya yanke, ajiyar ta rushe, masu filaye su dawo da ƙararsu. Sai a 2010 aka daidaita cewa za a miƙa gadar ga garin Boonville.

In kuwa wata rana jirgi ya dawo, dokar wasan da kanta ta riga ta yanke hukunci. Ba a yarda a ajiye akwati a filin layin dogo mai aiki ba, kuma a Amurka tazarar da masu dubawa ke bi ƙafa 150 ce daga dogo, wato mita 46. Filin hanyar kuwa mita 15 ne kowane gefe. Ranar da aka sake shimfiɗa ƙarfe a sashen, duk gwangwanin da ke ƙarƙashin benci da bakin kwalbati sai mai shi ya zo ya ɗauke abinsa.